Ranar da Cindo Ya Wuce Gaba Gaida Innarsa

Abokaina da ba su taɓa hawa keken tsere ba sukan ɗauka cewa wanda ya fi ƙarfin ƙafa shi ne ke cin tsere. Ni ma haka na ɗauka kafin in shiga. Abin da zan faɗa muku ya faru ne a gaban idona, a tseren da aka taso daga Kano zuwa Dutse, daga Dutse zuwa Haɗejiya, aka ƙare a Gumel. Ina cikin waɗanda suka taka feda a wannan tsere, ko da yake sunana ba ya cikin waɗanda aka kira a lasifika.

Ya kamata in fara bayyana cewa 'yan tsere ba a warwatse suke tafiya ba. Dunƙulewa muke yi wuri guda, taya dab da taya, kafaɗa na gogar kafaɗa, kuma wannan dunƙule shi muke kira ayari. Dalilin haka iska ce. Wanda ke gaba shi ke shan dukanta a ƙirji, wanda ya lafe a bayansa kuwa kamar jan sa ake yi da igiya. Saboda haka kowace ƙungiya tana da gwaninta guda ɗaya, sauran aikinsu su tare masa iska, su ɗauko masa ruwa daga mota, idan tayarsa ta yi faci su cire tasu su ba shi. A ƙarshen kowane zango ana haɗa lokacin da mutum ya yi da na jiya, wanda lokacinsa ya fi kaɗan a sa masa riga mai ruwan ɗorawa. Wanda rigar ta zauna a jikinsa bayan an isa Gumel, shi ya ci tseren baki ɗaya.

Ayari yana da ladubbansa, waɗanda ba a rubuta su ko'ina ba amma kowa ya san su. Idan mai rigar ɗorawa ya tsaya kama ruwa a gefen hanya, ba a gudu a bar shi. Idan ya faɗi ko tayarsa ta sace, sai a rage gudu har ya dawo. Wanda ya karya wannan ba alƙali ne zai hukunta shi ba, ayari ne. Ba wanda zai ƙara miƙa masa gorar ruwa, ba wanda zai buɗa masa hanya, kuma duk ramin da ke kan kwalta shi za a bar wa. Mai tsaron waɗannan ladubba shi muke kira madugu. Ba zaɓensa ake yi ba. Mutum ne kawai zai yi ta magana har a saba da jin muryarsa.

Madugunmu a wancan lokaci Nomau ne, kuma shi ke sanye da rigar ɗorawa tun zangon farko, don shi ya ci tseren bara. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, sai dai ba wanda ya taɓa amfana da faɗin nan, domin Nomau ba ya shiga gaba. Ba zan ce ba gwani ba ne, don ƙarya ba ta da kyau. Abin da kawai muka lura da shi shi ne cewa mafitsarar Nomau ta san hanya. Ba ta taɓa cika a gangara ba. Sai an kama hawan tudu, numfashi ya fara yi masa wuya, wani kuma ya fara matsa feda, sannan za ka ga ya ɗaga hannu ya ratse gefen hanya, ayari duka ya koma tafiyar mai tallar kifi. Ya tsuguna ya huta, ya dawo fuskarsa a sake, ya ce, “Allah ya yi muku albarka, a ci gaba.”

Abokin hamayyarsa Cindo ne, ɗan Ƙafin Gawo, wani ƙauye da ke kan hanyar Haɗejiya zuwa Gumel. Gajere ne, marar yawan magana, kuma a hawan tudu babu kamarsa a cikinmu. Shekara da shekaru yana zuwa na biyu a bayan Nomau, har mai lasifika ya daina duba takarda kafin ya kira sunansa. A wannan shekara kuwa tura ta kai bango. Mai ƙungiyarsu, Alhaji Mato, wanda ke da kamfanin ruwan leda, ya tsaya a wurin tashi a Kano ya faɗa kowa yana ji cewa idan aka sake kawo masa na biyu zai rushe ƙungiyar.

Ya ce, “Kekunan kuma ba za su zauna a banza ba. Kwanduna zan sa a ɗaura musu, ku riƙa raba ruwa a kasuwa. Ko ba komai wannan aikin ba a tambayar wa ya riga zuwa.”

An yi dariya, amma Cindo da yaran ƙungiyarsa ba su yi ba, domin sun san Alhaji ya riga ya yi magana da mai saƙar kwandunan.

A ranar farko, da muka kusa Dutse inda hanya ke hawa tsakanin duwatsu, Cindo ya miƙe tsaye a kan feda ya fita daga ayari. Kafin a ce haka ya ba mu rata. Na dubi Nomau, na ga bakinsa a buɗe, kansa yana rangaji. Sai ya ɗaga hannu ya nuna tayarsa ta baya.

Yaransa suka shiga kira, “Faci, faci, madugu ya yi faci.”

Wani mai babur da ke rakiyar tseren ya bi Cindo ya gaya masa. Cindo ya waiwayo, ya daina taka feda, ya zauna yana jira har aka canza wa Nomau taya, aka turo shi, ya sha ruwa, numfashinsa ya dawo. Daga nan kuma tudu ya ƙare, sauran hanya shimfiɗaɗɗiya ce, Nomau ya lafe a bayan yaransa har bakin layi, ya fito ya ci zangon.

A ƙungiyarmu akwai wani da ake kira Jatau, wanda Allah ya hore wa baki fiye da ƙafa. Da aka sauka, sai ya je bayan motar su Nomau ya latsa tayar da aka cire. Ya dawo ya ce mana, “Wallahi tayar nan ta fi tawa lafiya. In da haka faci yake, ni ma ina roƙon Allah ya ba ni.”

Maganar ta kai kunnen Cindo. Ya je ya sami Nomau yana zaune a inuwa ana murza masa ƙafafu, sabuwar rigar ɗorawa a jikinsa.

Cindo ya ce, “Madugu, ya jikin taya?”

Nomau ya ce, “Da sauƙi. Ka yi ladabi yau, Cindo, na gani kuma na yaba. Da ka tafi, da ka gama shan ruwan kowa a ayarin nan.”

“Ai shi ya sa na tsaya. Sai dai ina so ka haɗa ni da makanikenka. Na ji an ce tayar ta warke tun kafin ya taɓa ta.”

“Kai dai riƙe na biyun nan naka da kyau. Ya dace da tsawonka.”

Cindo ya juya ya tafi.

Washegari, a hanyar Haɗejiya, babu tudu, amma akwai iska mai bugowa daga gefe, irin wadda ke yayyaga ayari gida-gida. Yaran Cindo suka shiga gaba suka ja da ƙarfi, ayari ya tsinke, aka bar Nomau a kashi na baya. Nan take mafitsara ta cika. Aka tsaya, aka jira, ayari ya sake haɗuwa. Da aka isa Haɗejiya, ratar da ke tsakanin Nomau da Cindo ba ta kai minti guda ba, amma zangon da ya rage zuwa Gumel shimfiɗe yake kamar tabarma, kuma kowa ya san ba a ƙwace riga a irin wannan hanya daga hannun mutumin da ke da masu tare masa iska. Jatau har ya fara tambayar yaran Cindo ko leda nawa kwando ɗaya zai ɗauka.

Yanzu sai in kawo wata al'ada da ban ambata ba, wadda ita ce mafi kyau a cikin ladubban ayari. Idan tsere zai ratsa garin su wani ɗan tsere, yakan je wurin madugu ya nemi izini. Sai a bar shi ya wuce gaba shi kaɗai, ba wanda zai bi shi, ya isa garinsu kafin kowa, ya sauka ya gaida iyayensa, yara su ga ɗan garinsu ne a gaba. Sannan ya jira ayari ya iso, ya koma ciki. Ba a ɗaukar wannan a matsayin gudu. Cindo yana yin haka duk shekara a Ƙafin Gawo, inda mahaifiyarsa Inna Tabawa takan zauna a kujera a ƙofar gida, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a bakin hanya.

A zangon ƙarshe, bayan mun wuce Malam Madori da ɗan nisa, rana ta fara zafi, sai Cindo ya zame ya dawo tsakiyar ayari inda Nomau yake. Ina kusa da su, don haka na ji komai.

Cindo ya ce, “Madugu, ranka ya daɗe, ina neman izini.”

“Na me?”

“In wuce gaba in gaida Inna.”

Nomau ya gyara zama a kan sirdi. Yana son irin wannan lokaci ƙwarai, domin a nan ne ake ganin madugu madugu ne. Ya ɗaga murya yadda na gaba da na baya za su ji.

Ya ce, “Jama'a, ku saurara. Cindo zai je gaida mahaifiyarsa. Kada wanda ya bi shi. Ba a korar mutum yana kan hanyar gaida uwarsa, wanda ya yi haka ba ɗan halak ba ne. Je ka, Cindo. Ka ce ina gaishe ta. Ka kuma gaya mata ta yi haƙuri, na biyu ma matsayi ne.”

Cindo ya ce, “Za ta ji, in sha Allahu.”

Aka buɗa masa hanya ya fita. Ni dai na sha ganin mutane suna tafiya gaisuwa, kuma yawanci a zaune suke tafiya, suna gyara riga, suna share fuska don kada iyaye su gan su a wahale. Cindo kuwa sai ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa hannun keke, ya sa giyar keke mafi nauyi, ƙafafunsa suka shiga juyawa kamar injin markaɗe. Na nuna wa Jatau.

Jatau ya ce wa Nomau, “Madugu, wannan gaisuwar ba ta yi sauri da yawa ba?”

Nomau ya ce, “Ɗoki ne. Kai da ba ka san darajar uwa ba ina za ka gane.”

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga wanda yake tsoro ba ya nan, sai ya ga babu lokacin da ya fi wannan dacewa da hutu. Ya ɗaga hannu ya ratse. Wannan karon kam da gaske ne, domin ya daɗe. Muka tsaya muka jira shi, wasu suka ɓare ayaba, wasu suka ci dabino. Da muka ci gaba, tafiyar ta zama ta hira. Wani yana ba da labarin kuɗin taki, wani yana tambayar inda ake samun sarƙar keke mai ƙwari.

Akwai mai babur da ke kai da komowa tsakanin na gaba da ayari, yana ɗauke da allo, yana rubuta ratar da alli ya ɗaga mana. Ya zo ya ɗaga, rata ta wuce wadda Nomau ya ba Cindo a zanguna biyun baya. Ya koma ya dawo, ta ninka. Ɗaya daga cikin yaran Nomau ya matso ya ce, “Yaya, ka ga allon nan kuwa?”

Nomau ya ce, “Bar shi ya ɓata allinsa. Duk abin da ya rubuta, a gindin darbejiya zai goge.”

Muka shiga Ƙafin Gawo. Mutane sun yi layi a bakin hanya, ana kiɗa, mata na guɗa. Muka rage gudu don girmamawa, kamar yadda aka saba, idanunmu na kan bishiyar darbejiya. Bishiya tana nan, ƙofar gida tana nan, amma babu kujera, babu tsohuwa, babu keke a jingine.

Abin da ban taɓa gani ba shi ne madugu ya sa ƙafa a ƙasa a tsakiyar tsere ba don taya ko mafitsara ba. Nomau ya taka birki a gaban teburin wani mai shayi. Tun da mai rigar ɗorawa ya tsaya, mu ma duk muka tsaya, don haka ladabi ya ce.

Nomau ya ce, “Malam, ina Cindo?”

Mai shayi ya ce, “Wane Cindon? Na Inna Tabawa?”

“Shi.”

“Ai ya wuce kamar an harbo shi. Ya dai yi tambaya da ƙarfi, ya ce ina Inna, muka ce tana Gumel. Ko birki bai taɓa ba.”

“Me ta je yi Gumel?”

“Oho. Wata mota ce mai hoton ruwan leda ta zo da safe ta ɗauke ta, har da kujerarta. Za ku sha shayi ne?”

Ba mu sha ba. Nomau ya hau keke, muryarsa ta canza.

Ya ce, “Kowace ƙungiya ta ba da mutum biyu. A shiga gaba a ja, a kamo shi.”

Ba wanda ya motsa daga inda yake. Kowa ya sami abin dubawa a jikin kekensa. Sai Jatau ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Madugu, a gafarce ni. Ba a korar mutum yana kan hanyar gaida uwarsa. Ni ina so in mutu ɗan halak.”

“Wannan ba gaisuwa ba ce, sata ce.”

“To ya gaishe ta ne?”

“Ina ya gan ta balle ya gaishe ta?”

“Ashe har yanzu yana kan hanya ke nan. Izinin bai ƙare ba.”

Wani daga baya ya ce, “Kuma har da saƙonka ya tafi da shi, madugu. Kada mu tare shi saƙo ya ƙi isa.”

Ina so in yi adalci a nan. Ba don muna ƙaunar Cindo fiye da kima muka ƙi ja ba. A tsere kowa kansa ya sani. Amma babu ɗaya daga cikinmu da ke kusa da rigar ɗorawa, kuma babu dalilin da zai sa mutum ya kashe ƙafarsa don riga ta zauna a jikin wani. Ban da haka, babu wanda a cikinmu bai taɓa tsayawa a rana yana jiran mafitsarar Nomau ba.

Sai ya rage yaransa su kaɗai. Suka shiga gaba suka ja, kuma sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Amma waɗannan bayin Allah tun daga Kano suke shan iska a madadinsa, babu abin da ya rage a cinyoyinsu. Na farko ya ja ya gaji ya zame gefe. Na biyu ya ja har ya fara ganin hanya biyu-biyu. Na ƙarshe ya waiwayo ya ce, “Yaya, ka yafe ni,” ya koma baya kamar an cire masa sarƙa. Mai allo ya zo ya ɗaga, rata ta ragu, amma ba ta ragu yadda za ta yi amfani ba.

A nan ne Nomau ya shiga gaba da kansa. Tun da na fara tsere, ranar ce na fara ganin ƙeyarsa a gaban ayari. Muka jeru a bayansa ɗaya bayan ɗaya, kamar 'yan tsaki. Gaskiya kafaɗar nan tana da albarka. Ko ɗigon iska bai taɓa ni ba.

Jatau ya ce, “Madugu, ashe haka inuwarka take da daɗi, ka hana mu shekara da shekaru?”

Nomau ya ci gaba da ja, yana haki. A tsere idan na gaba ya gaji yakan kaɗa gwiwar hannunsa, alamar na baya ya zo ya karɓe shi. Nomau ya kaɗa ta dama, ba wanda ya zo. Ya kaɗa ta hagu, ba wanda ya zo. Ya yi ta kaɗa su duka biyu har ya koma kamar zakaran da ke shirin cara. Can da wuya ta kai wuya, sai na ga hannunsa ya ɗagu sama bisa sabo, yana neman ratsewa. Hannun ya kai rabi, sai ya tuna cewa wanda ake so ya jira ba ya nan balle ya gani. Ya mayar da shi a hankali.

Da muka hango hasumiyar masallacin Gumel, muka ji lasifika daga nesa tana kiran suna, kuma ba sunan Nomau ba ne. Da aka zo dab da layi, duk waɗanda suka huta a bayansa suka fito suka wuce shi ta hagu da dama, kowa yana neman na biyu. Ni kaina na wuce shi, ban kuma ji daɗin hakan sosai ba, amma na wuce shi.

Abin da muka tarar shi ne wannan. Bayan farin layin da aka ja a kan kwalta, da taku kaɗan, an kafa kujera a ƙarƙashin laima. A kanta wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, da carbi a hannu da lulluɓi mai ruwan ƙasa. A gabanta Cindo ne zaune a ƙasa, ya cire hular kwano, ya tanƙwashe ƙafa, da kwanon fura a hannunsa. Can gefe Alhaji Mato yana tsaye yana kallon sama, kamar mutumin da bai taɓa ganin mota mai hoton ruwan leda ba.

Alƙalin tsere, wani dattijo da ake kira Malam Barmo, ya haɗa lokuta ya sanar cewa Cindo ya shafe ratar har ya ƙara da yawa. Aka ɗauko sabuwar riga mai ruwan ɗorawa. Yaran Cindo suka rungume kekunansu kamar an dawo musu da 'ya'yan da suka ɓata.

Nomau ya iso yana jan keke, bai ko cire hula ba. Ya ce, “Malam, ban yarda ba. An karya ladabin ayari.”

Malam Barmo ya ce, “Ni abin da aka ɗora mini agogo ne da layi. Ladabin ayari naku ne, ban san shi ba. Amma tun da ka kawo ƙara, faɗa mini abin da al'adar ta ce.”

“Ta ce mutum ya nemi izini.”

“Cindo, ka nema?”

Cindo ya ce, “Na nema, Malam. A gaban kowa ya ba ni, har da saƙo.”

Nomau ya ce, “Ta ce ya wuce gaba ya gaida iyayensa.”

“Ka gaishe ta?”

“Na gaishe ta. Saƙon ma na isar. Ta ce tana amsawa, kuma ta ce shi ma a gaya masa ya yi haƙuri.”

Nomau ya ce, “Ta ce bayan ya gaisa ya tsaya ya jira ayari.”

Malam Barmo ya dubi Cindo. Cindo ya ajiye ludayi.

Ya ce, “Na jira, Malam. Ga ni nan zaune tun ɗazu. Wannan ma kwano na biyu ne.”

Malam Barmo ya ce, “To, Nomau, ni ban ga inda aka karya ba. In akwai wani sashe na al'adar da ya ce dole tsohuwa ta zauna a gida, sai ka faɗa mini wanda ya gaya mata.”

Jama'a suka fara dariya. Nomau ya ga babu abin da zai samu a wurin alƙali, sai ya saki keke ya nufi kujerar tsohuwa. Amma ƙafafun da ba su saba shan iska ba sun riga sun gama aikinsu na ranar. Yana zuwa gabanta jijiyoyin cinyarsa suka ɗaure, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zube a ƙasa dab da ƙafafunta, yana haki. Ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Daga nan inda yake ya yi maganar.

Ya ce, “Inna, ke ma har da ke? Me ya raba ki da ƙofar gidanki yau?”

Inna Tabawa ta ɗaga lulluɓinta kaɗan, ta dube shi da kyau.

Ta ce, “Kai ne dogon nan mai rigar ɗorawa? Shekara da shekaru kana wucewa ta ƙofar gidana, ko hannu ba ka taɓa ɗaga mini ba. Yau da na ɗan matso nan, ga shi ka taho da gudu har da durƙuso. Tashi haka nan, ɗan nan, na amsa.”